Na Daina Sa Gishiri Amma Jirin Bai Daina Ba: Me Mai Cutar Meniya Zai Ci?

Tambaya: Likita, ni malamar makaranta ce, shekarata 44. Shekara biyu ke nan jiri yana kama ni, ɗaki ya riƙa juyawa da ni har in yi ta amai, wani lokaci sai ya yi awa uku kafin ya sake ni. Kunnena na hagu yana toshewa, yana ƙara kamar injin niƙa daga nesa, jina kuma ya ragu. An yi mini gwajin ji aka ce cutar Meniya ce, aka ba ni magani, aka ce in rage gishiri. Wata biyu ke nan ban sa gishiri a miya ba, sai magi kawai, amma makon jiya jirin ya dawo. Me zan ci, me zan bari? Ina cin goro, ga azumi kuma yana tafe.

Amsa: Malama, sannu da jiki, Allah Ya ba ki lafiya. Da na zo kan kalmominki uku, "sai magi kawai", sai na tsaya, domin rabin amsarki tana nan. Ba ki daina cin gishiri ba, riga kawai kika sauya masa. Kuma ba ke kaɗai ba ce. Cikin masu wannan ciwo da nake gani a ɗakin duba marasa lafiya, da wuya in tambayi mutum yadda ya rage gishiri bai ba ni irin wannan amsa ba. Laifin namu ne mu likitoci, da muke cewa "rage gishiri" mu kira na gaba, ba mu shiga madafi tare da mai ciwon ba.

Bari in fara da abin da ke faruwa a kunnen, don ki san dalilin kowace shawara. Can ciki, bayan dodon kunne, a cikin ƙashi, akwai wani ɗan gida da bai fi kan ɗan yatsa ba. Sashensa ɗaya a naɗe yake kamar katantanwa, shi ke ji. Ɗaya sashen bututu uku ne masu lanƙwasa da 'yan jakunkuna biyu, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko kanki a tsaye yake, ko kin sunkuya, ko kin juya. Duk gidan cike yake da ruwa iri biyu da wata siririyar fata ta raba. Na waje sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, ya fi yawa a cikinsa, kamar sauran ruwan jiki. Na ciki kuwa wani sinadarin daban ne mai suna fotasiyam ya cika shi. A cutar Meniya, ruwan cikin ne yake taruwa fiye da kima, fatar ta kumbura kamar ledar da aka cika ta da ruwa har ta yi tamtsan-tamtsan. Daga nan toshewar da kike ji take, da ƙarar, da raguwar ji. Idan lamarin ya motsa kuma, kunnen hagu ya aika wa ƙwaƙwalwa cewa kina juyawa, na dama ya ce ƙarya ne a zaune kike, sai hajijiya da amai.

Sunan ciwon na wani likitan Faransa ne, Prosper Ménière, wanda a 1861 ya tsaya a birnin Faris ya ce irin wannan jiri daga kunne yake, alhali likitocin zamaninsa suna ɗora shi a kan ƙwaƙwalwa. Ba a ga kumburin da ido ba sai 1938, lokacin da likitoci Hallpike da Cairns a Ingila, da Yamakawa a Japan, kowa ta nasa ɓangare, suka duba ƙashin kunnen mutanen da suka rasu da ciwon. Abin sha'awa, shawarar rage gishiri ta riga wannan ganowa. Tun 1934 wani likita a Jami'ar Mishigan ta Amurka mai suna Furstenberg ya ba da rahoton cewa marasa lafiyarsa suna samun sauƙi idan aka rage musu sodiyam. Shekara casa'in ke nan muna maimaita maganarsa.

To, shin an tabbatar da ita? Nan zan gaya miki gaskiya ko da ba ta da daɗi. A 2018 masu tace binciken likitanci na ƙungiyar Cochrane suka nemi gwaji ko guda ɗaya mai inganci, irin wanda ake raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kan rage gishiri ko kafeyin (sinadarin goro da gahawa mai hana barci) ko barasa a wannan ciwo. Ba su samu ba. A 2023 aka sake dubawa, aka ce hujjar da ke akwai kan abinci mai rauni ce ƙwarai. Ko ƙwayar betahistin da nake zaton ita aka ba ki, babban gwajin da aka yi mata a Jamus, wanda ya fito a 2016, bai nuna ta fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba wajen rage yawan jiri. Ciwon ne mai wuyar aunawa. Yakan taso ya yi wata biyu yana wahalar da mutum, sannan ya kwanta shekara guda ba tare da an yi masa komai ba, sai duk abin da mutum yake sha a lokacin ya karɓi yabon.

Duk da haka ina ba da shawarar, kuma ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka ta sa ta a cikin ƙa'idojinta na 2020. Dalilina uku ne. Ba ta cin kuɗi. Ba ta cutarwa idan aka yi ta da hankali, ga ribar kariya daga hawan jini a kai. Sannan akwai marasa lafiya, ba duka ba, da alaƙar take fitowa fili a wurinsu: su ci abincin biki yau, gobe kunne ya toshe. Ba za mu san ko kina cikinsu ba sai kin gwada gwaji na gaskiya, wanda har yanzu ba ki fara ba. Dawowar jirin makon jiya ba ta nuna komai a kan abinci ba tukuna.

Ga lissafin. Abin da ake nema shi ne sodiyam miligiram 1,500 zuwa 2,300 a yini, wato gishiri giram 4 zuwa 6. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ƙasa da giram 5 take so kowane baligi ya ci, mai lafiya da marar lafiya. Giram 5 ɗin nan bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi da aka shafe bakinsa ba. Kuma ba na miya kaɗai ba ne, na duk abin da ya shiga bakinki ne daga asuba zuwa kwanciya.

Yanzu mu buɗe dunƙulen magi. Kowane kamfani da haɗinsa, amma kusan rabin nauyin dunƙule gishiri ne tsagwaronsa. Ƙaramin dunƙule mai giram 4 yana ɗauke da gishiri wajen giram 2. Idan tukunyar gidanku ta mutum takwas ce, kika jefa dunƙule takwas don ki cike gurbin gishirin da kika cire, kowa ya tashi da giram 2 a cin abinci ɗaya, daga magi kaɗai. A yi haka da rana, a yi da dare, ga wanda aka marmasa a ƙwai ko a kan ɗanwake da safe, kin cinye rabonki na yini kafin a lissafa burodi. Garin ɗanɗano na leda da ake zubawa a shinkafa dafa-duka shi ma haka yake. Farin magi kuwa, wanda mutane suka fi tsoro, sodiyam ɗinsa kashi 12 ne cikin 100, na gishiri kusan kashi 40. Ba ina cewa ki koma masa ba ne, amma ba shi ne babban ɓarawon ba, a lissafa shi kawai cikin kason yini.

Akwai kuma abin da takardun da ake bugawa a Turai ba za su taɓa gaya miki ba, domin ba su san shi ba: kanwa. Ba ta da ɗanɗanon gishiri, shi ya sa ba a zarginta, amma asalinta sodiyam ne, ko fara ce, ko ja, ko ungurnu. Tana cikin miyar kuka da ta kuɓewa, tana cikin wake don ya yi saurin nuna, tana cikin ɗanwake, tana cikin ƙullun waina, ga uwa uba kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka rubuta yadda ciwon zuciya yake yawaita ga masu jego a yankin, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Abin da ya isa ya tara wa mai jego ruwa a jiki har zuciya ta gaza, ba abin da mai Meniya za ta riƙa kurɓa kowace safiya ba ne. Ki koma kunun tsamiya, kunun gyaɗa ko koko. Wake a jiƙa shi tun dare, zai nuna ba kanwa. Kuɓewa ɗanya a goga ta, a zuba daga ƙarshe, kada a rufe tukunya, za ta yi yauƙinta. Ɗanwake ne dai ban san yadda za a raba shi da kanwa ɗungurungum ya zauna ɗanwake ba, sai a rage ta sosai, a ƙara kuka, a kuma mai da shi abincin marmari. Bekin foda da ake sa wa cincin da kek ɗan'uwan kanwa ne ta wannan fuska.

Kada kuma wani ya ce miki ki koma manda, ko gishirin Balma, ko jan gishirin nan mai tsada da ake cewa daga duwatsun Himalaya yake, wai su "na gargajiya" ne ba sa cutarwa. Duk gishiri ne, kunne bai san bambancinsu ba. Gara ma ɗan kaɗan ɗin da za ki ci ya zama na leda mai sinadarin ayodin, wanda ke kare mutum daga maƙoƙo.

Masu gishiri na waje kuma kin san su: kilishi, tsire, balangu, dambun nama, da yajin da ake barbaɗa musu, wanda shi ma da gishiri da magi ake haɗa shi. Kifin gwangwani, taliyar yara mai ɗan ƙunshin garin ɗanɗano, soyayyar gyaɗa mai gishiri, man shafa wa burodi, busasshen kifin da aka adana da gishiri. Burodi ma da gishiri ake kwaɓa shi ko da zaƙi kike ji. Idan abu yana da rubutu a jiki, nemi layin sodiyam, ki ninka adadin sau biyu da rabi, shi ne gishirin. Ki duba har akwatin magani: ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa su yi kumfa, da garin da ake sha don kumburin ciki ko ƙwannafi, yawancinsu sodiyam ne ke sa su kumfar.

Yaya za a yi a gidan da ake tukunya ɗaya? Ba na goyon bayan a hana kowa ɗanɗano saboda mutum ɗaya, domin ƙarshenta mai ciwon ce za ta ji kunya ta koma gidan jiya. Hanya mafi sauƙi: a haɗa miya har ta nuna ba gishiri, ba magi, ba kanwa, ki ɗebi taki a ƙaramar tukunya, sannan a sa wa sauran. Da safe ki auna rabin ƙaramin cokali na gishiri a ɗan kofi, ko dunƙule ɗaya da ɗan barbaɗe, wannan shi ne rabonki na girki a yinin. Sauran kason an bar shi ne saboda sodiyam ɗin da ke cikin nama, nono, ƙwai da burodi tun asali. Ɗanɗano kuma a nemo shi inda kakanninmu suka samo shi kafin dunƙule ya shigo kasuwa: albasa da aka soya har ta yi ja, tafarnuwa, citta, masoro, kimba, kanumfari, attaruhu, ɗoɗɗoya, daddawar da ba a cika mata gishiri ba, ƙashin da aka daɗe ana tafasawa. Tsami yana rufe rashin gishiri fiye da komai, don haka lemon tsami, tsamiya da yakuwa abokanki ne. Yaji ki daka naki. Makonni biyu zuwa uku na farko komai lami za ki ji, ba zan ɓoye miki ba. Amma harshe yana sabawa, bayan wata biyu zuwa uku abincin da kike ci da can zai yi miki zau.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe, wanda a ganina ya fi yawan giram ɗin muhimmanci. Kunnen da ke da Meniya ya rasa ikon daidaita ruwansa da kansa. Kunne mai lafiya ba ruwansa da kin ci kilishi ko kin yini da ƙishirwa, zai gyara. Naki kuwa duk abin da ya girgiza ruwan jiki yana iya girgiza shi. Saboda haka wadda ta ci lami kwana shida, ta je biki ranar Asabar ta rama, ta fi wadda ke cin giram 5 kullum ba fashi shiga haɗari. Haka wadda ta fita makaranta ba kari, ta yini a aji ba ruwa, ta dawo la'asar ta cika ciki lokaci ɗaya. A raba abincin gida uku masu kusan girma ɗaya, a lokutan da ba sa canzawa, da ɗan abin taɓawa a tsakani idan an ji yunwa. A raba gishirin ma haka. Zaƙi mai yawa a zama ɗaya, irin lemon kwalba biyu a jere ko shayin da cokali ke tsayawa a ciki, shi ma girgiza ne, a guje shi.

Ruwa kuma, mutane da yawa suna yin kuskuren da hankali zai iya kawowa: tunda ruwa ne ya taru a kunne, bari in rage sha. Akasin haka ne. Idan jiki ya ji ƙishirwa, ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa, kuma an gano kunnen ciki ma yana jin wannan umarni. Likitoci a Japan sun gwada sa marasa lafiya shan mililita 35 kan kowane kilo na nauyinsu a yini, suka ba da rahoto a 2006 cewa jiri ya ragu, jin wasu ma ya gyaru. Ƙaramin bincike ne, ba hujja yankakkiya ba, amma ma'aunin mai kyau ne. Idan nauyinki kilo 60 ne, lita biyu da ɗan ɗori ke nan, wato ledar fiya wata huɗu zuwa biyar, a kurɓa a hankali daga safe zuwa dare, ba a kwankwaɗe lokaci ɗaya ba. Lokacin bazara a ƙara. Mai ciwon zuciya ko na ƙoda kada ya bi wannan ma'auni sai likitansa ya yarda.

Goro. Kafeyin ne a cikinsa, irin na gahawa da shayi, kuma nauyi da nauyi busasshen goro bai gaza ƙwayar gahawa ba. Hujjar cewa kafeyin yana tayar da Meniya ita ma mai rauni ce, amma yakan ƙara wa wasu ƙarar kunne, yana hana barci, rashin barci kuwa sanannen mai tayar da jiri ne. Ban ce ki yar da shi yau ba. Wanda ya saba da goro ya daina kwatsam, ciwon kai da kasala za su kama shi kwana biyu zuwa mako, ya ɗauka ciwon ne ya ƙaru. Ki rage rabi a makon farko, rabin rabi a na biyu, har ki tsaya a ɓari ɗaya da safe ko ki bari gaba ɗaya. Ki haɗa lissafin da shayi, musamman mai kaurin nan na Buzaye, da Nescafé, da baƙin lemon kwalba, da lemon ƙara kuzari. Kofi ɗaya na shayi marar kauri da safe ba na hana shi. Taba kowace iri, ta sha ko ta shaƙa ko ta leɓe da ake haɗawa da kanwa, tana matse ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da kunne. Barasa ba sai na tsaya a kanta ba, kai tsaye take shiga ruwan kunnen ciki ta sa mai lafiya ma tangaɗi.

Ba ki faɗi sunan magungunanki ba, amma idan akwai na sa fitsari a ciki, irin haidurokulorotayazaid ko bendurofuluwazaid, to akwai kashedi biyu. Na farko, suna zubar da fotasiyam, sai a ji kasala, ɗaurewar jijiya ko bugun zuciya. Ayaba, lemon zaƙi, kankana, dabino, dankali, wake, tumatir, alayyahu da zogale suna mayar da shi, amma gwajin jini lokaci-lokaci shi ne tabbaci. Na biyu, maganin fitsari da rage gishiri da zafin Afrilu, lokacin da garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, idan suka haɗu suna iya sa sodiyam ɗin jini ya faɗi ƙasa ko jini ya sauka. Alamar ita ce duhu-duhu a ido idan an miƙe, ba juyawar ɗaki ba. Shi ya sa na ce ragewa, ban ce dainawa ba. Kada ki sauka ƙasa da giram 4 don neman lada. Gishirin kanti da ake cewa na masu hawan jini, wanda aka maye wani kasonsa da fotasiyam, kada ki saya sai kin tambaya, domin yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda da mai shan magungunan hawan jini irin lisinofiril ko sifironolakton. Zoɓo ma yana ɗan saukar da jini, kofi ɗaya ba laifi, amma ba a mai da shi ruwan sha a kan maganin fitsari ba.

Ranar da jirin ya zo, dokar abinci ta tsaya. Ki kwanta a gefe, ki kafa ido a abu ɗaya, kada ki tilasta wa kanki ci. Idan aman ya lafa ki fara kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, ruwan citta yana taimaka wa tashin zuciya. Idan aman ya yi yawa ki sha ruwan gishiri da sukari na leda, kada ki ƙi shi wai don akwai gishiri, abin da kika zubar kike mayarwa. Ƙwayoyin kwantar da jiri irin Stugeron da Stemetil na ranar ne da washegari, ba na kullum ba. Masu shan su wata da watanni suna hana ƙwaƙwalwa koyon daidaita tafiya.

Azumi shi ne tambaya mafi nauyi, domin a zahiri ya ci karo da duk abin da na faɗa: awa goma sha uku ko fiye ba ruwa, sannan ci mai yawa lokaci ɗaya. Amma na ga masu Meniya da yawa da suka kai wata lafiya, na kuma ga waɗanda kwana uku suka kayar da su. Abin da zan ce, ki je wurin likitanki tun kafin wata ya kama, musamman don a gyara lokacin shan maganin fitsari ko a dakatar da shi. Ki gama rage goro tun cikin Sha'aban. Ki gwada azumin Litinin da Alhamis sau biyu ko uku ki ga yadda kunnen zai amsa. Idan kin shiga, lita biyun nan a raba ta daga magariba zuwa asuba. Buɗa baki da dabino da ruwa da kunu, a yi salla, a ci abinci matsakaici, a sake ɗan ci bayan tarawihi. Sahur a jinkirta shi, kada a tsallake, kuma kada ya zama taliyar leda ko ɗumamen da aka ƙara wa magi. Soye-soyen buɗa baki da yajinsu nan ne gishirin Ramadan yake taruwa. Idan kuwa kina cikin zangon da jirin ke zuwa kowane mako, ko ya kama ki da rana har da amai, to ke marar lafiya ce, kuma aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun yi maganar marar lafiya da ramuwa. Ni likita ce ta kunne, hukuncin sai malamai, amma ki kai musu bayanin ciwon yadda yake, kada ki rage.

Za ki ji ana tallar abubuwa: ganyen kaza, bitamin kaza, daina alkama, daina madara. Babu wanda aka tabbatar yana warkar da Meniya. Wanda ya lura wani abinci takamaimai yana tayar masa, ya bar shi, ba sai an yi gardama ba. Abu ɗaya da ke da ƙamshin gaskiya shi ne alaƙar ciwon da ciwon kai na ɓari guda, domin su biyun suna yawan haɗuwa a mutum ɗaya, har akan ɗauki ɗaya a matsayin ɗaya. Idan jirinki yana zuwa da sarawar kai, ko ƙin haske da hayaniya, ki gaya wa likita, domin maganin ya bambanta, kuma a nan ne cakulan, daddawa mai yawa da tsallake abinci suke zama abin lura. Batun bitamin D da kike iya ji kuwa na wani jirin ne daban, wanda ke zuwa na 'yan daƙiƙoƙi idan an juya a gado. Wancan 'yan tsakuwoyin kunne ne suka goce, da juya kai a asibiti ake mayar da su, kuma wani gwaji a Koriya ta Kudu a 2020 ya nuna bitamin D da kalsiyam suna rage dawowarsa ga masu ƙarancinsa. Ba naki ba ne.

Tunda muna ƙasar zazzaɓin cizon sauro, ki riƙa gaya wa duk mai rubuta miki magani cewa kina da ciwon kunnen ciki. Kwinin, allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jentamaisin da asfirin mai yawa suna taɓa ji, kunnenki na dama kuwa yanzu jari ne. Kuma idan wata rana jiri ya zo da karkacewar baki, nauyin harshe, ganin abu biyu-biyu, mutuwar hannu ko ƙafa, ko ciwon kai irin wanda ba ki taɓa yi ba, kada ki ce Meniya ce ki kwanta. Asibiti nan take, domin shanyewar ɓarin jiki tana iya fara sallama da jiri.

Idan kin yi wata uku kina bin wannan tsari da gaske jirin bai ragu ba, ba ki gaza ba, kuma hanya ba ta ƙare ba. Akwai allurar da ake yi ta dodon kunne, ta siteroyid mai rage kumburi ko ta jentamaisin ɗin nan da gangan a ƙaramin ma'auni, akwai tiyata ga 'yan kaɗan. Alan Shepard, Ba'amurken farko da ya je sararin samaniya, wannan ciwon ne ya hana shi tashi shekaru, aka yi masa aiki a kunne, a 1971 ya taka duniyar wata. Sassan kunne na asibitocin koyarwa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna su ne wuraren da za a nemi irin wannan mataki.

Kafin nan, ki sayi ƙaramin littafi irin na ɗalibanki. Kowace rana layi ɗaya: abin da kika ci da lokacinsa, ledar ruwa nawa, goro nawa, barcin awa nawa, ranakun al'ada, sannan yadda kunnen ya kwana, ko ya toshe, ko ƙarar ta ƙaru, ko jiri ya zo da tsawon lokacinsa. Ki fi lura da abin da kika ci a yini ɗaya zuwa biyu kafin kowane tashi. Ki tafi da littafin da kwalayen magungunanki duka ranar da za ki koma asibiti, ki kuma nemi a maimaita gwajin ji a kwatanta da na farko.